Ƙurar Da Ido Ba Ya Gani

Masu haɗa magani suna bukatar sanin siffar sinadarin da ke haddasa cuta. A da sai furotin ya daskare kamar ƙwayar gishiri, sannan a haska shi da eksire. To, wani furotin ko an shekara ana lallashinsa, ƙura kawai yake bayarwa.

A 2013 Tamir Gonen da abokan aikinsa a Amurka suka sandarar da irin wannan ƙura ta furotin ɗin farin ƙwan kaza, suka harba mata ƙwayoyin lantarki, watau ilektron. Daga yadda suka warwatsu aka lissafo siffarsa. A 2015 dabarar ta tona siffar guntun furotin mai hannu a cutar Fakinsan, mai sa makyarkyata, daga ƙwayoyin da madubin likita ma bai iya ganinsu.