Ɗinkakkiya ko Ɗinkin Tela: Hanyoyi Biyu na Gina Shafin Intanet

A Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, akwai wata unguwa da ake kira Kilomita Biyar, ko PK5. Unguwa ce ta kasuwanci, kuma a nan Hausawa da Fulani da sauran Musulmin birnin suka fi yawa. Babban masallacinta shi ne Masallacin Koudoukou, wanda Paparoma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba, 2015. A rikicin 2013 da 2014 mutane da yawa sun fake a harabarsa, wasu dubbai kuma suka gudu zuwa Kamaru da Chadi.

To, a ce shugabannin wannan masallaci suna so su buɗe shafin intanet, domin 'yan'uwansu na nesa su riƙa samun sanarwar ganin wata da ta jana'iza da ɗaurin aure, su kuma aiko da gudummawa. Hanya biyu ce a gabansu, kamar dai mai neman rigar Salla: ko ya sayi ɗinkakkiya a kasuwa, ko ya kai wa tela yadi ya auna shi.

Ɗinkakkiyar ita ce amfani da manhajar da aka riga aka tsara, irin su WordPress, wadda ta fito a 2003, da Wix, wanda aka kafa a 2006. Mutum zai zaɓi fasalin da ya yi masa, ya zuba rubutu da hotuna, ba sai ya iya harshen kwamfuta sosai ba. Tana da araha da sauri. Matashi ɗaya zai iya gama aikin cikin 'yan kwanaki. Amma akwai bambanci tsakaninsu. Wix kamar gidan haya ne: wanda ba ya son a liƙa masa talla sai ya riƙa biya duk wata ko duk shekara, kuma ba zai iya ɗauke shafinsa dungurungum ya kai wani kamfani ba. Manhajar WordPress kuwa kyauta ce, kuma ana iya kwashe abin da aka zuba a ƙaura da shi.

Ɗinkin tela shi ne a ɗauki gwani ya rubuta shafin tun daga tushe, da harsunan kwamfuta irin su HTML da PHP. Zai iya yin shafi marar nauyi wanda zai buɗe ko da intanet ba ta da ƙarfi. Zai iya haɗa shi da hanyar biyan kuɗi ta waya, kamar Orange Money. Sai dai aikin yana cin kuɗi da lokaci. Idan kuma gwanin ya bar gari, ba kowa ne zai gane ɗinkinsa ba, balle ya yi masa gyara.

Kafin a zaɓa, sai a yi tambaya uku. Ta farko, wa zai riƙa kula da shafin bayan an buɗe shi? Ta biyu, me ake so ya yi? In sanarwa ce kawai, ɗinkakkiya ta isa. Ta uku, da wane harshe za a rubuta? Jama'ar PK5 suna jin Sango da Faransanci, wasu suna jin Hausa ko Larabci. Wajibi ne a gwada haruffan ɓ, ɗ da ƙ, domin wasu fasalolin rubutu ba su da su, sai a ga ɗan akwati a madadinsu. Larabci kuma daga dama yake farawa, ba kowane fasali ne ke jera shi daidai ba.

Ga masallaci irin na Koudoukou, abin da ya fi shi ne a fara da ɗinkakkiyar da za a iya ƙaura da ita, a nemi tela ranar da buƙata ta wuce sanarwa. Kowace aka zaɓa, a yi rajistar sunan shafin da sunan kwamiti, kada a bar kalmar sirri a hannun mutum ɗaya, a kuma ajiye kwafin kome a wuri biyu. In an yi haka, ko mai kula da shafin ya yi tafiya, sanarwa ba za ta yanke wa waɗanda ke Kamaru da Chadi ba.