Haƙori a Matsayin Shaida: Abin da Makabartar Gobero Ta Bayyana

Babu abin da ya kai haƙori jure wa zamani a jikin ɗan Adam, domin farin ɓawon da ya lulluɓe shi ya fi kowane ƙashi tauri, kuma da zarar ya gama ginuwa a ƙuruciya ba ya sake sabuntuwa. Saboda haka masana kimiyyar tono kayan tarihi ke ɗaukarsa tamkar kundin da ke adana labarin yarintar mai shi.

Daga fitowar haƙora ake ƙiyasta shekarun yaro, tun da famfara, wato zubar haƙoran nono, takan fara ne wajen shekara 6, lokacin da turmin farko na dindindin ke fitowa, na biyu kuma wajen shekara 12. Idan yunwa ko zazzaɓi mai tsanani ya kama yaro, ginuwar ɓawon takan tsaya na ɗan lokaci ta bar zane a jikinsa, yayin da cinyewar saman turame ke nuna abinci mai tsakuwa irin wanda dutsen niƙa ke bari a gari.

A Nijar, fitaccen misali shi ne Gobero da ke hamadar Tenere a jihar Agadas, inda ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya ci karo da wata makabarta a 2000, aka kuma wallafa sakamakon binciken a 2008. An gano kaburbura kusan 200 a gefen wani tafki da ya ƙafe, na al'ummomi biyu: ta farko, masunta ne da suka zauna daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin Miladiyya, ta biyu kuma ta zo bayan fari na kusan shekara 1000. A wani kabari an tarar da mace rungume da yara biyu, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu 5 da 8.

Christopher Stojanowski da Kelly Knudson na Jami'ar Jihar Arizona sun auna sinadarin sitrontiyom, wanda ke fitowa daga duwatsu ya shiga ruwa da tsirrai, ya zauna a haƙorin yaro gwargwadon ƙasar da ya tashi. Awon ya nuna cewa masuntan farko galibi mazauna wuri guda ne, kuma yanayin ƙaura ya sauya yayin da ƙasa ta riƙa bushewa.

Wannan darasi ya shafi Mai Yara da sauran garuruwan Dakoro, yankin da kwarin Tarka, tsohon kogin da shi ma ya ƙafe kamar tafkin Gobero, ya ratsa. Manomi ko mai haƙar rijiya da ya tarar da tsofaffin ƙasusuwa tare da fasassun tukwane ya kamata ya bar su a inda suke, ya sanar da mai gari da hukuma domin labarin ya kai ga masanan Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, saboda haƙorin da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa rabin shaidarsa.