Me Ya Sa Tsohuwar Manhaja Kan Ƙi Zama a Sabuwar Kwamfuta?

Kowace kwamfuta tana da gangar jiki, wato sassan da ake iya taɓawa, tana kuma da babbar manhaja, irin su Windows, wadda ke gudanar da ayyukanta duka. Wani lokaci makaranta kan sayi sabuwar kwamfuta, sai kuma a tarar cewa wani muhimmin shiri, ko wata na'urar awo ta ɗakin gwaji, ba su aiki sai da tsohuwar Windows. Da zarar an yi ƙoƙarin sanya tsohuwar, sai aiki ya cije. Mene ne dalili?

Dalilin shi ne manhaja ba ta san kayan da aka ƙera bayan haihuwarta ba. Ba ta magana da sassan kwamfuta kai tsaye, sai ta bakin wasu ƙananan shirye-shirye da ake kira direbobi. Direba tamkar tafinta ne: in babu shi, manhaja da sashen nan sun zama bebe da kurma.

Mu ɗauki misalin Windows XP, wadda ta fito a 2001. Bayan fitowarta ne aka soma haɗa faifan ajiya da kwamfuta ta hanyar SATA. Saboda haka sau da yawa XP ba ta ganin faifan ko kaɗan, sai an danna F6 an ba ta direba daga faifan flofi, abin da kwamfutocin yau ba su da gurbinsa. Haka kuma XP da aka saba da ita ba ta iya amfani da ƙwaƙwalwar da ta wuce gigabait 4, komai yawan da aka saka.

Ita ma Windows 7 ta 2009 ba ta zo da direban USB 3.0 ba. A 2015 kamfanin Intel ya cire tsohon tsarin USB daga sababbin kayansa, don haka mai sanya Windows 7 kan ga allon rubutu da linzami sun mutu tun a shafin farko. A 2016 kuma Microsoft ya sanar da cewa sababbin ƙwaƙwalen sarrafawa Windows 10 kaɗai za a tallafa musu da ita.

Ko da an yi dabara manhajar ta zauna, akwai sauran rina a kaba. Microsoft ya daina toshe kafofin XP a Afrilun 2014, na Windows 7 kuma a Janairun 2020. Illar rashin toshe kafa ta bayyana a Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta kulle bayanai, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Ingila.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar sabuwar manhaja a mazauninta, a sanya shiri irin su VirtualBox. Wannan shiri yakan kwaikwayi kwamfuta mai tsofaffin sassa a cikin sabuwar, sai tsohuwar manhaja ta zauna ciki kamar tana gida. In kuwa na'urar awo ta ƙi wannan hanya, gara a nemo tsohuwar kwamfuta a keɓe mata. Ko wacce aka zaɓa, wajibi ne malami ya tabbatar ba a haɗa tsohuwar manhajar da intanet ba, kuma an adana kwafin bayanan ɗalibai a wani wuri dabam.