Takarda Kafin Jari: Bayani Kan Izinin Kafa Kasuwanci A Ƙasar Waje

 

Tambayoyi sun yawaita daga 'yan'uwanmu mazauna Gurda, unguwar da baƙi 'yan Nijar da Najeriya suke da yawa a birnin Sabha na kudancin Libiya. Mutum ya yi shekaru yana ɗinki ko gini ko wankin mota, ya tara ɗan abin hannu, yana son buɗe shagon kansa. Wasu kuma suna gida, suna shirin sayar da gona domin su je su kafa kasuwanci a can ko a Turai. Duk tambayarsu ɗaya ce: wace takarda ake buƙata, kuma me Shari'a ta ce?

Da farko a sani takardu uku ne mutane suke cakuɗawa. Akwai bizar ziyarar kasuwanci, wadda ke ba ka damar zuwa ka ga kaya, ka ƙulla ciniki, ka dawo. Akwai izinin aiki, wanda ke ɗaure ka da wanda ya ɗauke ka aiki. Sannan akwai izinin mai zuba jari, kuma shi ne ke ba baƙo damar zama ya mallaki kamfani da sunansa. Wanda ya shiga da ta farko ya buɗe shago ya saɓa sharaɗin da aka ba shi, balle wanda ya shiga babu ko ɗaya.

Mafi yawan 'yan'uwanmu na Sabha ta hamada suka shiga, daga Agadas zuwa Dirku, zuwa Madama, zuwa Gatrun. Nijar ta haramta safarar baƙin haure da dokar shekarar 2015, sannan gwamnatin soja ta soke dokar a watan Nuwamban 2023, sai wasu suka ɗauka hanya ta buɗe ke nan. To, wancan sokewar lamarin Nijar ne kaɗai. Libiya ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka yarjejeniyar 1979 mai ba ɗan Afirka ta Yamma damar shiga ƙasashen ƙungiyar na kwana 90 ba tare da biza ba ba ta aiki a can. Dokar Libiya mai lamba 6 ta 1987 ta wajabta wa baƙo biza da izinin zama. Doka mai lamba 19 ta 2010 kuma ta tanadi ɗauri ko tarar da ke iya kaiwa dinari 1,000 ga wanda ya shiga ta ɓarauniyar hanya, sannan a kore shi.

Ƙofar mai zuba jari a Libiya ita ce doka mai lamba 9 ta 2010. Tana ba wanda aka amince da aikinsa yafiyar harajin riba na shekara 5, da izinin zama da ake sabuntawa. Amma ƙa'idojin aiwatar da ita sun sa mafi ƙarancin jarin baƙo dinari miliyan 5. An yi ta ne domin masu masana'antu da manyan gonaki da asibitoci. Cinikin sari da na ɗaiɗai kuwa yana cikin sana'o'in da aka keɓe wa 'yan ƙasa. Ke nan mai keken ɗinki uku ko mai shagon tireda a Gurda ba ya cikin waɗanda wannan ƙofa ta buɗe musu.

Kada wani ya zaci Libiya ce kaɗai mai irin wannan tsari. Ghana, wadda take cikin ECOWAS, ta sa a dokarta ta 2013 cewa baƙon da zai yi cinikin saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan 1, ya kuma ɗauki 'yan ƙasa 20 aiki. A kan wannan doka aka rufe shagunan 'yan Najeriya da yawa a Kumasi da Akara a shekarun 2019 da 2020. Ingila ta rufe tsohuwar bizarta ta 'yan kasuwa a 2019. Wadda ta fito da ita a Afrilun 2023 tana neman sabuwar dabarar kasuwanci wadda wata hukuma da gwamnati ta yarda da ita za ta tantance, ta shaida cewa za ta iya bunƙasa. Amurka tana da bizar E-2 ga 'yan ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar ciniki da ita, kuma Najeriya da Nijar ba sa cikinsu. Ɗaya hanyar, EB-5, mafi ƙarancin jarinta dala 800,000 ne. Abin da ƙasashen nan suke nema iri ɗaya ne: a ga jari, a san asalinsa, a ga tsarin kasuwanci a rubuce, a ga 'yan ƙasa za su sami aiki.

Idan ƙofa ta yi tsauri, sai mutane su koma ga dabaru guda biyu. Ta farko ita ce baƙo ya zuba kuɗinsa, amma lasisi da haya da asusun banki duk su kasance da sunan ɗan ƙasa, yana biyansa wani abu duk wata. Larabawa suna kiran wannan tasattur. Saudiyya ta sabunta dokar yaƙi da shi a 2020, da hukuncin ɗaurin da ke kaiwa shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ko a inda hukuma ba ta kama kowa ba, hatsarin yana nan. Ranar da mai sunan ya rasu, magadansa ne masu shago a idon kotu. Ranar da kuka ɓata, kai da ba ka da izinin zama wace kotu za ka kai ƙara? Kai kuma idan ka rasu, haƙƙin marayunka ya salwanta, rabon gadon da Allah Ya wajabta bai samu ba.

Dabara ta biyu ita ce ta dillalan biza. A ranta maka kuɗi da ruwa, a ajiye a asusunka na 'yan makonni domin takardar banki ta nuna kai mai jari ne, sannan a janye. A nan an haɗa riba da shaidar zur a aiki guda. Idan ofishin jakadanci ya gano, kuɗin neman biza ya tafi, kuma sau da yawa a hana mutum shiga ƙasar na tsawon shekaru.

A fiƙihu, wanda ya shiga wata ƙasa da izinin mahukuntanta ana kiransa musta'amin, wato wanda aka ba amana, kuma malamai sun tabbatar cewa bai halatta ya yi ha'inci ga waɗanda suka amince masa ba, ko da ba Musulmi ba ne. Biza amana ce irin wannan, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umurci muminai da cika alƙawura. Neman izini kafin fatauci ma tsohon abu ne. Malaman tarihi sun ambata cewa Hashim, kakan Annabi (SAW), sai da ya karɓo wa Ƙuraishawa aminci daga mahukuntan Sham kafin ayarinsu su riƙa zuwa can lafiya, kuma wannan ni'ima ce Suratu Ƙuraish ta tuna musu. Sayyidina Umar (RA) ya sa wa fataken da ke shigowa daga ƙasashen da ba na Musulmi ba ushiri a kan kayansu. Ashe shugaba yana da ikon tsara yadda baƙo zai yi ciniki a ƙasarsa.

Sannan kiyaye dukiya da kiyaye rai suna cikin manyan manufofin Shari'a guda biyar. A watan Afrilun 2017 hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ba da rahoton yadda ake sayar da baƙin haure a Sabha, ana tsare su ana neman kuɗin fansa daga iyalansu. Tirmizi ya ruwaito daga Huzaifa (RA) hadisin da ya hana mumini wulaƙanta kansa ta hanyar jefa kansa cikin bala'in da ba zai iya ɗauka ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan kana gida, kada ka sayar da gona sai ka tambayi ofishin jakadancin ƙasar da kanka, a Abuja ko a Yamai, ka ji ko sana'ar da kake nufi an yarda baƙo ya yi ta. Ka mallaki fasfo na gaskiya, ka yi wa kasuwancinka rajista a gida, domin tarihin cinikinka shi ne shaidarka. Idan kuma kana Gurda yanzu, ka fara neman gyara zamanka. Muddin bai gyaru ba, kada ka binne guminka a shagon da ba ya ɗauke da sunanka. Ka aika da jarin gida, a Kano ko Maraɗi ko Damagaram, ka ba amintacce ƙiradi, ku rubuta rabon riba, ku kafa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka kunyar ɗan'uwa ba hujjar barin rubutu ba ce.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare matafiyanmu, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Allah ne Mafi sani.