Idan Likita Ya Yi Kuskure, Wa Ke Biya? Bayani a Kan Asirans ɗin Likitoci



Bayan shirinmu na kiwon lafiya, wani ɗan uwanmu mazaunin Faransa ya aiko mana da saƙon murya. An yi wa ƙanwarsa aiki wajen haihuwa a wani asibiti, ta fito da raunin da har yau bai warke ba. Ya ce: "A nan likitoci suna da asirans. To can gida wa zai biya?" Su kuwa dangi sun ce masa ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ganin ba gidansu kaɗai abin ya shafa ba, muka ce bari mu yi bayani.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Duk direban da ke ɗaukar fasinja daga Buza zuwa Madawa ya san jandarma za su tambaye shi takardar asirans, wadda ƴan Najeriya ke kira inshora. Dokar CIMA ce ta tilasta ta. Wannan yarjejeniya ce da aka sa wa hannu a Yawunde cikin 1992, ƙasashe 14 ke aiki da ita har da Nijar. Direba yana biyan kuɗi kaɗan, ranar da ya buge mutum sai kamfani ya biya diyya a madadinsa.

To, asirans ɗin likita ma haka take. Likita ko kilinik mai zaman kanta suna biyan kamfani kuɗi duk shekara. Idan aka tabbatar sakacinsu ya cutar da maras lafiya, kamfanin ne zai biya diyya da kuɗin lauya, har zuwa iyakar da aka rubuta a takardar. Masu aikin tiyata, masu karɓar haihuwa da masu sa barci kafin aiki sun fi biya da tsada, don a wajensu hatsari ya fi yawa. Abin ma ba baƙo ba ne gare mu. Malamanmu suna karantar da cewa a kisan kuskure, dangin wanda ya yi ne ke haɗuwa su biya diyya. A nan, likitoci da yawa ne ke zuba kuɗi asusu ɗaya, a ɗauki nauyin wanda tsautsayi ya faɗa wa.

Gaskiya ɗan uwanmu ya faɗa. A Faransa, dokar 4 ga Maris 2002 ta wajabta asirans a kan likitoci masu zaman kansu da asibitoci. Ta kuma kafa wata hukuma mai suna ONIAM, wadda ke biyan wanda ya yi mummunan rauni wajen magani ko da ba laifin kowa.

A nan gida, abin da za ku fara tambaya shi ne: a ina aka yi aikin? Idan a CSI ne, ko asibitin gwamnati irin na Buza, Kaita, Madawa ko babban asibitin Tawa, ma'aikacin na gwamnati ne. Bisa ƙa'idar shari'ar da muka gada daga Faransa, kuskuren da ya faru a bakin aiki hukuma ake nema da diyyarsa, sai fa in laifi ne na ƙashin kansa da ya fita daga haddin aiki. Idan a kilinik mai zaman kanta ne, mai kilinik da likitansa ake nema. Suna da asirans, kamfani ya biya. Ba su da ita, daga aljihunsu. Aya ta 1382 ta kundin dokokin farar hula ta ce duk wanda laifinsa ya jawo wa wani ɓarna, shi zai gyara.

Amma a ji da kyau: ba duk mutuwa ko rauni ne kuskure ba. Likita bai ɗauki alkawarin warkarwa ba, alkawarinsa shi ne ya yi aiki da ilimi da kulawa yadda ya dace. Matar da ta kwana biyu tana naƙuda a gida kafin a kawo ta a amalanke, in abin ya ɓaci, ba lalle a ce laifin ungozomar asibiti ba ne. Alƙali yana duba abu 3: an yi sakaci? An cutu? Sakacin ne ya jawo cutar? Shi zai naɗa wani ƙwararren likita ya binciki takardu. Manta ƙyallen aiki a cikin mutum, ƙarin jinin da bai dace ba, ko ba jariri maganin babba, irin waɗannan ne ake kira sakaci.

Haka kuma asirans ba ta wanke mai laifi. Ba ta biyan tarar kotu, ba ta hana ɗauri, ba ta hana majalisar likitoci dakatar da shi daga aiki. Wanda ya cutar da gangan, kamfani ba ruwansa. Shi kuwa mai tallar magani a kasuwa, ko mai yawon yin allura gida-gida ba takardar izini, babu kamfanin da ke bayansa. In ya gurgunta yaro, sai dai kuka.

Shawararmu ita ce ku riƙe takarda. Karnen asibiti, ordinans, rasiɗi, sakamakon gwajin jini, hoton ciki: kada a ƙunsa ƙosai da su. Ƴan uwa na waje masu aiko kuɗin magani, ku ce a ɗauki hotonsu a turo muku ta WhatsApp, ku rubuta rana da sa'a. In akwai ƙorafi, a fara da shugaban asibitin ko babban likitan gunduma. Bai yi ba, akwai kotu, akwai lauyoyi. Zagi ko dukan ma'aikaci kuwa ba ya maido da lafiya, sai ma ya mai da mai gaskiya mai laifi, ya kori ƴan likitocin da muke da su.

Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma bai hana neman haƙƙi ba. In an yi bincike, ko dai hankalin dangi ya kwanta cewa ba laifin kowa, ko a gano inda aka yi sakaci don kada ya sake faɗa wa ƴar wani.

Layinmu a buɗe yake ga mai tambaya a shiri na gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya yi wa ma'aikatan lafiya jagora.