Manhajar ERP: abin da take yi wa masu ƙera kaya, da abin da ba ta iya yi musu

A farkon watan Satumba na 1999, kamfanin Whirlpool na Amurka, wanda ya yi suna wajen ƙera firigo da injin wanki, ya kunna wata sabuwar manhaja da zai riƙa karɓar odar dillalansa da ita. Wata bai cika ba sai ƙorafi ya tashi: oda tana shiga, kaya ba su fita a kan lokaci, har wasu dillalan suka yi makonni suna jira. Kamfanin SAP na Jamus, mai manhajar, ya ce tun da farko ya nuna wa Whirlpool wuraren da aikin bai gama nuna ba, ya kuma ba da shawarar a ɗan jinkirta, amma suka ƙi. Irin wannan manhaja ita ake kira ERP, masu jin Faransanci kuma sun san ta da PGI. Yau da wuya a samu babbar masana'antar mota ko ta firigo da ba ta aiki da ita, kuma masu tallarta sun fara ƙwanƙwasa ƙofar ƙananan kamfanoni, har da namu.

Ma'anarta ba ta da wuya. A kamfanin da ba shi da ita, mai karɓar oda yana da littafinsa, magazinye yana da nasa, mai sayo kaya yana da nasa, kontabul ma haka. Ranar da patoro ya tambayi ƙarfe nawa ya rage, sai ya ji amsa uku, kowa kuma ya rantse tasa ce daidai. ERP tana haɗa waɗannan littattafai su zama ɗaya a cikin kwamfuta. Da zarar magazinye ya rubuta cewa ya fitar da katako 40, mai sayo kaya zai ga adadin ya ragu, kontabul zai ga kuɗin katakon ya hau kan aikin da aka fitar dominsa, ba sai wani ya sake rubutawa ba.

Bankuna da asibitoci da manyan kantuna duk suna amfani da ita, amma asalinta daga wajen masu ƙera kaya masu ƙarko ne, wato kayan da ake saye a yi shekaru ana mora: mota, babur, firigo, keken ɗinki, kujeru, injin ban ruwa. A ƙididdigar Amurka, duk kayan da ake sa ran zai kai shekara uku ko fiye ana amfani da shi yana cikin wannan rukuni. Matsalar masu ƙera su daban take da ta mai yin sabulu ko mai matsar man gyaɗa. Kayansu haɗi ne na sassa da yawa, mota ɗaya tana ɗauke da dubbai, kuma sashe guda in ya ɓace aiki ya tsaya cak. An ga haka a 2021, lokacin da ƙarancin ƴan ƙananan ƙwaƙwalwan lantarki ya sa kamfanonin mota a Amurka da Turai suka jera motocin da aka kusa gamawa a fili, suna jiran wani abu da bai kai girman farce ba.

A shekarun 1960 ne injiniyoyi suka fara ba kwamfuta wannan lissafi. Wanda aka fi ambata shi ne Joseph Orlicky na kamfanin IBM, da ya wallafa littafi a kan tsarin a 1975, kuma ana lissafa Black & Decker, mai ƙera injunan huda da na yanka, a matsayin kamfanin da ya fara aiki da shi a 1964. Daga baya aka ƙara masa lissafin ma'aikata da injuna da kuɗi. Sunan ERP kansa kamfanin bincike na Gartner ne ya raɗa shi a 1990. Ita kuwa SAP, wasu mutum biyar da suka bar IBM ne suka kafa ta a 1972.

Zuciyar manhajar ita ce jerin sassa, takardar da ke faɗin abin da ake buƙata don ƙera kaya guda. Mu ɗauki misali da ƙaramin kamfani na walda da kafinta, a ce ya samu kwangilar teburan makaranta 500, a kai su ranar 1 ga Oktoba. A ce kowane tebur yana cin bututun ƙarfe mita 6, katako 3, noti 12, da rubu'in litar fenti. Manhaja za ta ninka: ƙarfe mita 3000, katako 1500, noti 6000, fenti lita 125. Wannan ko ɗan makaranta zai iya. Daga nan sai ta leƙa magaza ta ga akwai ƙarfe mita 800, amma 300 an riga an ware su don ƙofofin wani mutum, saura 500. Ke nan mita 2500 za a saya, kuma tun da ana sayar da bututun a sanda mai mita 6, sanda 417 ake buƙata.

Sai kuma lokaci, wanda shi ne ainihin amfaninta. Tana ƙirga kwanaki ne da baya-baya, daga ranar alkawari. In aikin ƙira zai ci mako 4, ƙarfen kuma yana ɗaukar mako 6 kafin ya iso, to dole a yi odarsa mako 10 kafin 1 ga Oktoba, wato ranar 23 ga Yuli. Fenti da ake samu a kasuwar gari ba za ta ce a saye shi tun Yuli ba, don kada kuɗi su kwanta a banza. Haka take yi wa kowane sashe da kowace oda, kuma in mai kwangila ya bugo waya ya ce a mayar da teburan 650, cikin ƴan daƙiƙoƙi ta sake lissafin duka. Mutum mai kaifin ƙwaƙwalwa zai iya riƙe wannan a kansa in kaya iri biyu ne. In sun kai iri talatin, kowanne da sassa ashirin, sai dai a riƙa gano abin da ya ƙare ranar da masu walda suka zauna suna shan shayi.

Ƴan kasuwarmu sun san nauyin waɗannan makonni fiye da kowa. Lokacin da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da ke biyowa ta Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiyar ta ƙara tsawo, ranar isowa kuma ta zama ba ta da tabbas. Manhaja ba ta san an rufe iyaka ba. In an bar mata tsohon adadin kwanaki, za ta ci gaba da cewa akwai sauran lokaci har ranar da alkawari zai karye. Sai wani ya zauna ya gyara mata lambar.

Akwai wani aikin da ya keɓanta da kaya masu ƙarko: cinikin ba ya ƙarewa ranar da aka sayar. Firigo yana da garanti, yana buƙatar kayan gyara bayan shekara biyar ko goma, wani lokaci ma sai a gano aibi bayan ya shiga gidajen mutane. Shi ya sa kowane ɗaya yake da lambarsa, manhaja kuma tana riƙe da ranar da aka ƙera shi, da wanda ya kawo sassan da ke cikinsa, da dillalin da ya karɓa. A watan Nuwamba na 2016 Samsung ya yi kiran injunan wanki kusan miliyan 2.8 a Amurka, saboda murfinsu yana iya ɓallewa ana cikin wanki. Kamfanin da ba shi da irin wannan rajista, in haka ta same shi, ba zai san waɗanne ne masu aibin ba, sai dai ya kira duka ko ya yi shiru.

To, ina matsalar take? Masu tallar manhajar ba su cika son a daɗe a nan ba. Duk lissafin da muka yi a sama ya dogara ne a kan cewa mita 800 ɗin da ke rubuce suna nan a magaza da gaske. In yaron shago ya yanki sanda goma bai rubuta ba, ko patoro da kansa ya sa an kai wa surukinsa katako ya ce a bari sai gobe a rubuta, manhaja za ta ba da amsa mai tsabta, da lambobi a jere, kuma ƙarya ce. Masanan wannan fanni sun daɗe suna cewa sai rajistar magaza ta dace da abin da ke ƙasa aƙalla kashi 95 cikin 100 kafin tsarin ya yi amfani. Ko wannan ma bai kai yadda ake zato ba. Kayan da ke da sassa 20, in kowane sashe rajistarsa tana daidai kashi 95, damar a samu duka ashirin ɗin daidai a lokaci guda ba ta wuce kashi 36 ba.

A ganina wannan ne ya sa shigar da ERP ya fi kama da sauya halin gida fiye da sayen na'ura. Tana fallasa abin da littafi ke rufewa. Magazinyen da ya yi shekara ashirin shi kaɗai ya san inda komai yake, yanzu kowa na gani. Kontabul da ke jira ƙarshen wata ya daidaita lambobi ba shi da wannan sarari kuma. Shi ma patoro dole ya bi ƙa'idar da ya kafa, abin da ba kowane mai gida ke jurewa ba. In ma'aikata suka ƙi ta, ba su fitowa fili su faɗa, sai dai kowa ya koma wa tsohon littafinsa a ɓoye, a wayi gari ana aiki biyu.

Kuskure na biyu shi ne a dage sai manhaja ta bi tsohuwar al'adar kamfani ƙafa da ƙafa. Lidl, babban kamfanin kantuna na Jamus, ya yi shekara bakwai yana lanƙwasa manhajar SAP don ta dace da yadda ya saba ƙiyasta kayansa, a 2018 ya haƙura ya watsar da aikin bayan ya kashe abin da jaridun Jamus suka ƙiyasta ya kai Yuro miliyan 500, kusan miliyar 328 na sefa.

Ƙaramin kamfani ba zai kusanci irin waɗannan kuɗi ba, kuma ba ya buƙata. Akwai Sage, wadda kontabul da yawa a ƙasashe masu amfani da Faransanci suka saba da ita. Akwai Odoo ta ƙasar Beljiyam, da aka fara a 2005, tana da nau'in da ake saukewa kyauta, haka ma ERPNext ta Indiya. Sai dai kyautar ta tsaya ne a kan manhajar. Wanda zai girka ta, ya shigar da jerin sassa, ya koyar da ma'aikata, ya kuma dawo ranar da ta cije, shi ne zai ci kuɗin, kuma sau da yawa nasa ya fi na lasisi. Wadda ake haya a intanet, ana biya kowane wata bisa yawan masu amfani, tana hutar da mutum sayen babbar na'ura, amma ranar da layi ya yanke magaza ta makance. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Yamai ko Damagaram ya san wuta ma abin tambaya ce. Ya kamata kuma mai saye ya tabbatar manhajar ta san tsarin lissafin SYSCOHADA da aka sabunta tun 1 ga Janairun 2018, da harajin TVA na kashi 19, kuma tana iya fitar da faktir irin wadda ma'aikatar haraji ke amincewa da ita. Wadda aka tsara don Faransa ko Najeriya ba lalle ta zo da waɗannan ba.

Shagon da ke ƙera ƙofa da taga da ma'aikata biyar, littafi mai kyau ko jadawalin Excel ya ishe shi. Buƙatar tana farawa ne lokacin da oda ta yi yawa har sassa suka fara shiga juna, ko kamfani yana da magaza a Maraɗi da wata a Yamai, ko kuma mai shi ya kasa faɗin nawa tebur guda yake ci masa. Ko a lokacin, aikin farko ba na kwamfuta ba ne. Sai an rufe magaza kwana biyu ko uku an ƙirga komai da hannu, an kuma ba kowane sashe suna ɗaya da lamba ɗaya, don kada bututun da magazinye ke kira "mai kauri", mai walda na kiransa "talatin", mai sayowa kuma ya rubuta shi da sunan da ke kan faktir, manhaja ta ɗauka kaya uku ne.