Yarda ko tilas? Muhawarar da ta raba kan masu fafutukar mata a Amurka kan fina-finan batsa

A shekarar 1980, Linda Boreman, wadda ta yi suna da Linda Lovelace a fim ɗin Deep Throat na 1972, ta wallafa littafi tana cewa mijinta ne ya tilasta mata fitowa a fim ɗin ta hanyar duka da barazanar bindiga. Bayanin nata ya rura wutar saɓanin da har yau bai lafa ba.

Andrea Dworkin da lauya Catharine MacKinnon sun ɗauki sana'ar a matsayin take haƙƙin mata, har suka tsara dokar da za ta ba waɗanda aka cutar damar kai ƙara. Birnin Indianapolis ya amince da ita a 1984, amma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da soke ta a 1985, saboda ta ci karo da 'yancin faɗar albarkacin baki. A ɗaya ɓangaren kuwa, Candida Royalle, wadda ta taɓa fitowa a irin waɗannan fina-finai, ta kafa kamfanin Femme Productions a 1984, tana mai cewa gyara shi ne mace ta riƙe kyamara da kuɗin.

Inda gizo ke saƙa shi ne sa hannu a kwantiragi ba ya nufin yarda. Kamfanin GirlsDoPorn ya yi wa 'yan mata alƙawarin cewa bidiyonsu ba zai hau intanet ba, sannan ya watsa shi. A Janairun 2020, wani alƙali a San Diego ya yanke wa mata 22 diyyar kusan dala miliyan 13, kuma ya miƙa musu mallakar bidiyon.